Kasken Kunnen da Na Dirje da Toka

Ku matso kusa, ku ja tabarmar nan wajen inuwa. Abin da zan gaya muku ba irin maganar da ake ɗaga murya a kanta ba ce. Na san waɗanda sunka san ni za su yi dariya, don duk unguwarmu a Malanbil babu wadda ta kai ni surutu. Ko ni kaɗai ce a tsakar gida, da kaji nake hira. Amma wagga magana sai a hankali. Maganar wani kaske ce, ba hular kwanon nan ta masu moto ba, na kunne, wanda ake ɗorawa bisa kai a ji abin da ke cikin salula. Shina nan ɗakina rataye ga ƙusa. In kun gan shi bisa juji, ba za ku duƙa ku ɗauka ba.

Ni ba mai fita ba ce. Kasuwar nan tamu da mutane ke ƙetaro gada daga Gaya don su ci ta, ni da ke kwana bayanta sai in yi watanni ƙafata ba ta taka ta ba. Lakwal ma, makarantar boko ke nan, ban daɗe ba, ina fara haɗa baƙi anka cire ni in taya innata aiki, shi ya sa har yau karatu sai na ja shi kamar guga daga rijiya mai zurfi. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. Daga cikin ɗaki nakan san wane kabu-kabu ne ya wuce, na unguwa ko na baƙo. In ana daka bayan katanga, na san ko gero ne ko shinkafa, na san kuma ko mai dakan da fushi ta tashi. Dandancin da nake yi ban koye shi wurin kowa ba, ta kan katanga ya shigo mini. Tukunyar ƙasa kuwa in za a saya mini ba na kallonta, a kawo in ƙwanƙwasa. In da tsaga, ko siririya ce kamar gashi, za ta gaya mini da bakinta.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi mutumin ido ne. Daga Kamba yake, fataucin albasa ya kawo shi nan tun shina saurayi. Shi saye ta wurin manoman Madekali, a ɗura a buhu, a loda babbar mota, shi bi ta har Kwatano. Ko buhu zai ɗinke, sai ya zaɓi jajaye masu sheƙi ya jera su a baki kamar za a ɗauke su hoto. Hularsa ba ta karkata sai inda ya so. Ya taɓa kawo mini wata fanteka mai furanni shuɗi da ɗorawa, na ƙwanƙwasa ta na ce, "Malam, wagga ta hwashe." Ya ce, "To ki dubi huren mana." Na ce, "Huren zan zuba ma ruwa?" Har ta ƙare rayuwarta busasshen tattasai ake ajiyewa cikinta, ba ta taɓa riƙe ruwa ba, shi kuwa bai taɓa yarda an cuce shi ba.

In ya kama hanyar kudu, sai shi yi ta aiko mini saƙon murya, bokal muke ce mai, tunda ya san rubutu wahala yake ba ni. Ba wasu maganganu ne masu nauyi ba. An tsayar da su a shingen jandarma, direba ya tafi biɗar ruwa, tuwon da ya ci a Paraku bai kama ƙafar nawa ba. Wani sa'in kuma irin maganar da ke tsakanin miji da mata, wadda ba a so yara su ji. To nan matsalar take. Gidanmu ba ya rabo da mutane, kuma salulata ta taɓa faɗawa ruwan wanki, tun daga ranar abin maganarta ke kuka kamar kwaɗo cikin randa. In na kunna, duk tsakar gida sai a ji maigida ya koma kwaɗo, ɗiyata ta yi ta dariya har ta riƙe ciki.

Wata dawowa da ya yi, ko wanka bai yi ba, warin albasa duk a rigarsa, ya ciro kwali daga jaka ya aje mini bisa cinya. Na buɗe. Kunnuwa biyu ne, kowane kamar murfin babban gwangwanin tumatir, ruwan zinariya, amma ba zinariyar nan mai ihu ba, mai ɗan duhu kamar an gauraya ta da zuma. An zagaye bakin kowane da ƙananan duwatsu farare masu ƙyalli, kamar idon kifi. Abin da ya haɗa su ta bisa kai ja ne, jan da ke tsakanin goro da zoɓo. Igiyar ma ba roba ce tsirara ba, an saƙa mata zare ja da ɗorawa.

Na ce, "Mi na wanga kuma, Malam?"

Ya ce, "Na kunnenki na."

"Ni direban jirgi ta?"

"Sa dai."

"Ka ji sautinai kahin ka saya?"

"Ban ji ba."

"To ƙaƙa ka san shina da kyau?"

"Ga shi kina gani."

"Cikin nike nuhi."

Ya ce, "Ciki naki na. Ke ki ji, ni in gani. Shago nawa na shiga, duk baƙaƙe, kamar na masu gyaran radiyo. Na ce ba ni ɗora ma kanki abin da ya yi kama da kayan aiki."

Na ɗora shi bisa kallabina ina shirin in yi mai tsiya irin ta fanteka. Na danna bokal ɗinsa na jiya. Sai bakina ya mutu, abin da ba safai yake faruwa ba. Wannan karon idonsa ya yi sa'a. Ku gane, maigidana murya biyu gare shi a haɗe. Akwai ta sama, wadda yake ciniki da ita, kowa ya san ta. Akwai kuma wata ta ƙasa, daga ƙirji, kamar babbar mota da ke tsaye can bakin duwan, wurin 'yan kwastan, da injinta kunne, ba ka jin ta da kunne kaɗai sai har cikin haƙarƙari. Ita wannan sai in shina zamne kusa da ni nake jin ta. Kasken nan ya ɗauko mini ita daga kan hanya ya kawo mini har bakin murhu.

Shekaru na yi da shi. Ina tsintar shinkafa da shi, ina yankan kuɓewa da shi. Maƙwabciyata, wata Badandiya mai bakin tsiya, takan leƙo ta katanga ta ce, "Bahausa, yau jirgin ina za ya? In Makka na, tsaya in ɗauko takalmina." In ce, "Ba mu ɗaukar masu warin kihi, sai ki bi kwale-kwale." Ta ce, "Da na albasa ai gara na kihi." Shi kuwa maigida, ko shina gida, in ya zamna shan shayi bayan la'asar sai shi ce in ɗauko abin nan in sa. In ce, "Ga ka zamne, wa zan saurara?" Shi ce, "Sa dai, ki ci gaba da aikinki." Sai in sa, babu abin da ke ciki, ina tankaɗe shina kallo. Na sha ce mai ba shi da aikin yi.

Da zafin bazara ya tafi. Ya dawo daga Madekali da ciwon kai, ya ce rana ce ta buge shi. Kwanaki kaɗan a gidan likita, shi ke nan. Ba zan tsaya nan wurin ba, ku yi mini haƙuri.

Yayarsa ta zo daga Kamba don ta zamna da ni takaba. Ita ta goye shi shina jariri, ita ma ta yi tata takabar shekarun baya, ta san hanyar. Kada ku ɗauke ta muguwa, ba haka take ba. Tun ranar da anka kawo ni gidan ƙanenta Amarya take ce mini, har furfura ta fito mini ba ta canza ba. Ranar da ta iso ta buɗe baki za ta kira ni haka, sai ta haɗiye, ta ce, "Ƙanwata." Da hannunta ta kwance mini 'yan kunne, ta zare awarwaro da zobe, ta haɗa da tandun kwalli da kwalaben turare, ta zuba cikin wata kwalla ta rufe, ta tura ƙarƙashin gadon da take kwana. Ta ba ni zane mara launi, ta danƙa mini 'yar wuƙar nan da mai takaba ke riƙewa a wajenmu. Ta ce tafiya a hankali, magana ƙasa-ƙasa. Ni! Magana ƙasa-ƙasa. Maƙwabciyata da ta shigo gaisuwa ta ce unguwa ta yi shiru har kaji sun rame. Munka yi dariya kaɗan, munka koma kuka.

Kasken bai shiga kwallar ba. Shina rataye bayan labule, Yaya ba ta gan shi ba, ni ma ban tuna da shi ba.

Bayan sadakar arba'in masu gaisuwa sunka ragu. Wata safiya ina zamne ina jan tasbaha, sai kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida, irin tsayuwar da ake yi in an kawo shi daga tasha. Jikina ya saki tasbahar ya jira sallamarsa. Na san ba za ta zo ba, to sai na ce bari in yi ma kaina ita cikin kai. Kalmomin sunka zo. Muryar ba ta zo ba. Na sake gwadawa, sai na ji muryata ce ke faɗin maganarsa. Ni da har yau zan iya kwaikwaya muku kiran mai tallan kifin da ya rasu tun ina yarinya, na biɗi muryar mutumin da na yi zaman duniya da shi, na rasa. Hotonsa ga shi ga bango, amma ni ba da fuska nake riƙe mutane ba. Tsoron da ya kama ni ranar, ko ranar da anka fita da shi ban ji irinsa ba. Na ga kamar za a sake ɗauke mini shi, wannan karon babu mai zuwa gaisuwa.

Da anka yi azahar, Yaya ta fita tsakar gida dama fura. Na ɗauko kasken bayan labule, na share mai ƙura da bakin zane, na ɗora, na ja mayafi na rufe. Na jawo salula ina biɗar wurin dannawa. Ban kai ga dannawa ba Yaya ta ɗaga labule da ƙwarya a hannu.

Ta ce, "Mi na wanga ke walƙiya ƙarƙashin mayahinki?"

Na ce, "Abin ji na, Yaya."

"Ɗebe mayahin in gani."

Na janye. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanga aikin idon ƙanena na, ko ba a hwaɗa mini ba."

"Shi na."

"Kin san halin da kike ciki?"

"Yaya, ba ado nike ba. Muryatai nike biɗa, tana ɓace mini."

Ta aje ƙwaryar. Ta ce, "Na ɗebe miki 'yan kunnen da ba su kai ƙwayar wake ba, in bar miki wanga da ya ruhe rabin kanki?"

"Ƙarƙashin mayahi na, ba mai gani."

"Mayahi mutane shike tsare ma. Wanda ya ɗora miki takabar ba sai kin buɗe mai ba."

Ta miƙo hannu na ba ta. Ta naɗe igiyar a hankali, ta lulluɓe shi da tsumma mai tsabta kamar mai lulluɓe jariri, ta kai cikin kwalla. Ban yi gardama ba. Cikin raina na san ba ƙarya ta faɗa ba, don da na ɗora shi na ji wuyana ya miƙe yadda yake miƙewa ranar da na yi kwalliya. Abin ado ne. Don ado anka saye shi.

Kashegari na ce to bari in ji ko da kwaɗon ne. Na rage sauti na kunna salula haka nan. Yaya tana wanke-wanke bakin ƙofa. Muryar ƙanenta ta fito a karye, tana ƙugi tana kakkatsewa. Na ji ludayi ya faɗi. Ta zagaya bayan ɗaki ta daɗe. Da ta dawo idanunta jajur, ta ce, "Don Allah kada ki ƙara yi mai haka." Ban ƙara ba.

Ɗiyata tana aure a Gene, takan zo ranar kasuwa. Na gaya mata, ta ce wannan ai abu ne mai sauƙi. Ta shiga kasuwa ta dawo da 'yan ƙananan nan baƙaƙe da ake cusawa cikin kunne. Yaya ta juya su ta ce waɗannan ba laifi, ko makaho ba zai ce ado ne ba. Na cusa na danna. Kalmomin sunka zo daidai, shingen jandarma, direba, tuwon Paraku. Amma kamar mutum na magana ta cikin karan dawa. Muryarsa ta sama ta iso, siririya. Ta ƙasan babu ita, an bar ta a hanya. Mako na gaba ta kawo wani babba, baƙi wuluk, irin na samari. Shi kuma gum-gum kawai yake, don kiɗa anka yi shi, ya haɗiye maganar ya bar ni da rugugi.

Ɗiyata ta gaji. Ta ce, "Inna, Baba na hwa. Duk ɗaya na."

Na ce, "Ke kin ji babanki. Ni mijina nike biɗa."

Ta sunkuyar da kai, ni ma kunya ta kama ni, don ba maganar da uwa ke gaya wa ɗiya ba ce.

Na ci gaba da amfani da 'yan ƙananan, tunda su ke akwai. Sai na lura da abin da ya fi na farko muni. In na cire su na nemi muryarsa cikin kaina, yanzu akwai mai amsawa, amma wannan siririn mutumin ne na cikin karan dawa. Shina shigowa shina zama inda maigidana yake zama. Na ce in na bari har takaba ta ƙare, wannan baƙon zai gaje wurin, ko an mayar mini da kasken ba lalle kunnena shi gane mai gidan ba. Na daina sa su.

Da ɗiyata ta sake zuwa, ta ce wa gwaggonta, "To a naɗe na Baban da baƙin sikoc mana, irin wanda masu gyaran wutar kuran ke naɗe waya da shi, in an gama a ɓare." Yaya ta ce, "In na naɗe mata awarwaro da tsumma ta sa, kin yarda ba awarwaro ta sa ba?" Ɗiyata ta ce, "To mi za a yi, Gwaggo?" Ta ce, "Da babu ado gare shi, ba ni da magana. Tunda adon na nan, shina cikin kwalla har ta hita." Ta faɗe shi ne don ta rufe maganar. Ba shawara ta ba ni ba, ina so ku san wannan.

Da hantsi, bayan ɗiyata ta koma Gene, na ɗebo toka daga murhu, na ɗebo yashin gulbi da muke dirje tukwane da shi, na kawo soso da ruwa a kwano. Na zamna bakin magudana. Na ce, "Yaya, ba ni shi."

Ta dubi tokar, ta dube ni. Ta gane. Ta ce, "Ƙanwata, yi tunani. In kin yi haƙuri, yadda na amshe shi haka zan mayar miki, ko dutse guda ba za shi ɓace ba."

Na ce, "Shi za shi iya jira, Yaya. Kunnena na ba shi jira."

Ta tsaya har na ɗauka ba za ta ba ni ba. Can ta shiga ta ɗauko, ta warware tsumman, ta aje mini bisa tabarma. Rana ta same shi. Wallahi ban taɓa kallonsa da kyau ba sai ranar. Duk shekarun nan bisa kaina yake, ni ce kaɗai a gidan ba na ganinsa. Ashe akwai wani siririn zane da anka yi a tsakiyar kowane kunne, kamar ganye. Ashe jan ma ba ɗaya ba ne, yana duhu wajen gefe. Na riƙe shi ina juyawa, ina tunanin mutum tsaye cikin zafin Kwatano, buhunan albasa na jiransa, shina fita wannan shago shina shiga wancan.

Da 'yar wuƙar takabar na fara. Na sa bakinta ƙarƙashin dutsen farko, ya yi tsalle ya faɗa cikin kwano, ƙis. Ashe da ɗanko kawai anka manna su. Ɗaya bayan ɗaya, ƙis, ƙis, har na zagaye kunnuwan biyu, sunka bar ramuka kamar bakin tsohuwa. Sannan na jiƙa soso na dangwali toka da yashi. Zinariyar ba ta yi gardama ba ko kaɗan, wannan ne ya fi yi mini ciwo. Gindin tukunya ya fi ta taurin kai. Shafa biyu uku sai ga farar roba mai toka-toka ta bayyana, kamar ƙashi. Ruwan da ke gangarawa magudana ya yi ƙyalli, agwagin maƙwabta sunka zo suna sa baki. Jan na bisa kai na kankare da wuƙa, ya fita sili-sili kamar ɓawon albasa. Zaren igiyar na tsinke na zare. Yaya tana zamne bisa turmi, ba ta tashi ba. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ta buɗe baki, ta ga abin da nake yi, ta sauka.

Na goge shi, na bar shi ya sha iska. Na miƙa ma Yaya. Ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Ba ni da magana."

Na shiga ɗaki na ɗora. Na danna wanda ya fara zuwa hannuna. Ya yi gyaran murya, ya ce sun wuce Kandi, hadari na haɗowa ta gabas, in ɗebe mai hulunansa daga igiya kada ruwa shi same su, in kuma kifa su bisa ƙwarya kada su lotse. Ya yi tari kaɗan. Wani ya yi mai magana a gefe, ya yi dariya. Ta ƙasan nan ta zo, ta bi ta kunne ta sauka cikin haƙarƙarina ta zamna inda ta saba. Na kifa kai bisa gwiwa. Ban san sau nawa na maimaita maganar hulunan nan ba.

Da na ɗaga kai, Yaya na tsaye bakin ƙofa. Ta ce, "In ba wadda ta shahe ku ku biyu ba ta, sa mini." Na ɗora mata bisa kallabi na danna. Ta rufe ido. Leɓenta na motsi. Da ya ƙare ta cire da hannu biyu ta miƙo mini, ta ce, "Shi na. Har tarin." Ta koma wajen girkinta, ranar miya ba ta ji gishiri ba.

Haka na ƙarasa takabata, kullum bayan azahar in saurari ɗaya ko biyu. Muryar ta dawo cikin kaina, baƙon nan siriri ya fita.

Ranar fita, mata sunka cika gida. Anka yi mini kitso da lalle, Yaya ta jawo kwalla ta mayar mini da 'yan kunne da awarwaro, ta sa mini kwalli da hannunta. Kowane abu ya koma inda anka ɗauke shi, yadda yake. Da anka watse na shiga ɗaki, na ga kasken ga ƙusa. Na ɗora shi bisa sabon kallabin, na ɗauki madubi. Kwalliya ta ko'ina, tsakiyarta wani abu fari-fari mai ƙuraje kamar an tsinto shi bakin gulbi. Na tuna duwatsun, na ce ko za a iya mayar da su. Na tambayi Yaya kwanon. Ta riƙe baki. Tun ranar anka wanke shi da sauran kwanoni, ruwan ya bi magudana.

Ɗiyata ta zagaya mini kasuwar nan, ta sa an duba Gaya, ta ba abokan fataucin babanta saƙo har Kwatano. An kawo mini masu ruwan zinariya iri-iri, wasu ma ba su da igiya. Babu shi ciki. Masu shago sun ce an daina yin irinsa. Babu wanda ya taɓa ɗaukata hoto da shi, don wa zai ɗauki mace hoto tana tsintar shinkafa?

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Tun ranar da na dirje shi, in ya yi magana da ta ƙasan nan, ina jin wani ɗan ƙas-ƙas a kunnen hagu. Ƙwayar yashi ce ta shige ciki. Ɗiyata ta saurara ta ce ba ta jin komi, ni kuwa ina jin ta tana rawa duk sa'ad da ya yi dariya. Mai gyara ya ce in ya buɗe ba lalle shi rufu ba, na ce a bar shi. A hankali ƙas-ƙas ɗin ya yi ta girma. Damanar da ta wuce kunnen hagu ya yi shiru gaba ɗaya. Yanzu ta dama kaɗai yake yi mini magana, sai in karkata kai in dafe da hannu, kamar yadda ake yi wa mutumin da ke zamne gefe guda. Na dama ma kwanan nan na fara jin wani abu cikinsa, ban dai tabbatar ba tukuna.

Yaya ta rasu bara. Kafin ta rasu na je Kamba dubiya, ɗaya daga cikin 'yan fitar da na yi a rayuwata. Ta riƙe hannuna ta ce har yanzu takan yi tunanin ranar tokar nan, ba ta san ko ta yi daidai ba. Na ce ni ma ban sani ba. Munka bar ta nan.

To ku da kunka zamna kunka ji har ƙarshe, ku gaya mini tsakaninku da Allah: da ku ne bakin magudanar nan da soso a hannu, za ku mayar da shi cikin kwalla ku jira, ko za ku dangwali tokar?